Kwanon Tuwona Ya Dawo a Rufe

Talata, bayan isha

Yau kwanon tuwona ya dawo daga wurin ciyayya ko murfinsa ba a ɗaga ba. Tun muna samari muke zama a ƙofar gidan Alhaji Sale bayan magariba, kowa ya fito da nasa, a ci tare. Yau na ajiye nawa a tsakiya, hannuwa suka riƙa kewaye shi.

Abin da na yi kawai, na ba da gidan marigayi Baba don a riƙa sauke yaran da suka fito daga gidan kangararru, kafin a mayar da su hannun iyayensu. Alhaji Sale, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Malam, da safe ka karantar da 'ya'yanmu, da dare kuma ka kwantar mana da ɓarayi a bayan katanga?" Ban ga laifinsa sosai ba, bara aka kwance masa tumaki.

Na so in ce musu Habu yana cikin yaran, ɗan Gwaram ɗin nan da ya yi karatu a wurina, wanda suke tsayawa a bakin zaure su saurari ƙira'arsa. Amma sai na ɗauki kwanona na taso.

Da na shigo, uwargida ta buɗe kwanon, ta ɗanɗana miyar, ta ce, "Ko gishiri ne ya yi yawa?" Na ce a'a. Ta mayar da murfin ta rufe.

Gobe ma zan fita da kwanon. Na dai ce mata ta rage yawan tuwon.