Saniyarka Ta Mutu Tana Kallon Ruwa

Zuwa ga Yaya Habu a Gwanja, daga ƙaninka Musa a Matameye. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina gajiya, ina iyali, yaya ciwon ƙafar nan? Mu nan Inna da yara lafiya, sai ƙishin rani.

Ka san in rijiyoyi suka janye mukan kora shanu kudu, zuwa gurbin korama na ƙauyen Kawu Idi, mu kai masa kanwa, mu shayar har saukar damina. Bana Faransawa da Ingilishi sun kafa dutsen iyaka, gurbin ya faɗa wajen Ingilishi, mu kuma wajen Faransa. Tafintan Faransawa ya ce mana takardarsu ta ce ruwan na kowa ne. Na yarda, na ɗauki kanwa, na kora shanu.

Kawu da kansa ya tare ni gindin dutsen. Ya ce, "Musa, koma. An ce duk wanda ya shayar da shanun Faransa, a kwashe nasa." Na ce, "Kawu, shanun ɗan ƙanwarka ne!" Ya kasa duban idona.

Kwana biyu muna can gindin dutsen, ba wanda ya zo da takardar. Jar saniyarka mai ciki ta durƙusa tana kallon ruwan, ban ma samu yanka ta ba.

A sa mu a addu'a, a gaida Malam Sani mai masaukinka. Mun komo gida da kanwar, tana zaure. Inna ta hana a taɓa, wai ta ɗan'uwanta ce.