Ruwan Tankin Marigayi Ya Koma Fari

Dona Zuleide, ki taimake ni don Allah, na rasa wanda zan faɗa wa bai ce na zautu ba.

Mijina Aldenor ya rasu bana. A garin Barcelos ya tashi yana kamun 'yan kifayen ado a kogin Rio Negro, kuma da muka dawo Manaus ya ƙi rabuwa da su. Ya kafa musu tankin gilashi a falo, ruwan ja kamar shayi, ga ruɓaɓɓen ganye a ƙasa. Shekara da shekaru ina mita a kan ƙazantar nan, shi kuwa sai ya ce, "Uwargida, kifin nan ba a tukunyarki aka haife shi ba."

Bayan addu'ar bakwai a coci, gidan ya yi mini faɗi, hannuna ya rasa abin yi. Na zubar da ruwan, na kwashe ganyen, na wanke soson matatar tankin a famfo har ya yi fes, na zuba sabon ruwa, wai ni ina kyautata masa. Ba a jima ba ruwan ya koma fari kamar an zuba madara. Na sake wankewa, farin ya dawo. Kifayen suka riƙa hawowa sama suna buɗe baki ta wajen kujerarsa, sannan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata Nazaré ta ce shi ne yake zuwa ɗiban abinsa, in kunna masa kyandir. Na kunna. 'Yan kaɗan suka rage, kuma ba mu haihu ba, su ne kawai abin da ya bari mai numfashi. Wallahi tsoron falona nake ji. Fushi yake da ni?

— Mai tsoron falonta, Manaus

Amsar Dona Zuleide: 'Yar'uwata, Allah Ya ba ki haƙuri. Kyandir ba laifi ba ne, Nazaré ma da zuciya ɗaya ta faɗa, amma ba mamaci ke kashe kifin ba.

A cikin tsohon soson nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dafin kashin kifi. Kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan famfo, shi ya kashe halittun nan. Farin nan alamar tankin na neman farfaɗowa ne, ke kuma kina mayar da shi baya. Buɗe bakin ba magana ba ce, dafi ne ke shaƙe kifayen.

Ki daina wankin. Ki rage abinci, ki riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, bayan kin ɗiga masa maganin kashe kulorin. Ki mayar da busasshen ganye, a duhun ruwa kifayen suka san duniya.

Sannan ki nemi abokansa masu kifi. Mai sana'a irin wannan ba ya rasa wanda ya kafa wa tanki da yankin sosonsa. Ki roƙi ɗan yanki, ki kawo shi gida a jiƙe cikin ruwan tankinsa, ki saka a matatarki. Abin da hannun mijinki ya raina yana nan da rai a gidan wani, ki je ki karɓo.

Allah Ya jiƙansa, Ya raya miki waɗanda suka rage.