Madarar da Inna Ta Raba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Baba ta yi sauƙi, yara kuma suna nan suna ɓarna yadda ka bar su. Inna ce dai ba ta jin daɗi, kuma ba ciwon da likita zai gani ba ne.

Ka san Auta yana aiki a kamfanin madarar jarirai, wajen cika kwali. Al'adarsu idan gwangwani ya lotse sai a ba ma'aikata kyauta. Auta ya kawo, Inna kuwa ka san hannunta, abu ba ya kwana a ɗakinta. Yawanci gidan Mai Ɗinki take kaiwa, ƙawarta tun kafin a haife mu, saboda jikarta da uwar ba ta da ruwan nono. Ashe manyan kamfanin sun daɗe suna goge kwanan watan madarar da ta lalace suna buga sabo. Jarirai da yawa sun kwanta, kuma jikar Mai Ɗinki ba ta tashi ba.

An rufe kamfanin, Auta yana zaune gida, ko ƙofa ba ya son leƙawa. Su kuwa manyan ko ƙwarzane, mun ji sun canja suna da launin gwangwani sun buɗe a wani wuri. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon mu ya doka, kuma duk sanda na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Da Inna ta je ta'aziyya, Mai Ɗinki ta riƙe hannunta ta ce ba laifinta, alheri ta yi niyya. Inna ta ce mini da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi. Tun ranar ba ta sake ba kowa komai ba. Shekaranjiya maƙwabta suka aiko da abinci, ta wanke kwanon ta mayar babu ko gishiri a ciki, sannan ta zauna tana kuka. Ta ce tsoron hannunta take yi.

Don Allah Yaya ka kira ta, amma kar ka ce mata ƙaddara ce, ta ji wannan har ta gaji. Ka roƙe ta ta aiko maka da wani abin ci da ta yi da hannunta, ka nace ko ta ƙi. Idan ya iso, ka sake kiranta ka ce ka ci, ka kuma ba yaranka.

Ka gaishe da Maman Biyu da 'yan biyunta, da Kawu Direba idan kun haɗu. Baba da Auta suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Sarkin Surutu