Jar Takardar Zunaira

Litinin, 2 ga Oktoba

Ƙanwata Zunaira ta dawo daga makaranta da jar takarda. Wai ma'aikatan lafiya ne suka zo auna yara: nauyi, tsayi, ƙugu, hawan jini. Mai lafiya a ba shi koriya, mai matsala ja. A gaban aji suka kira nata, kilo hamsin da takwas, yarinya 'yar shekara goma. Kafin a tashi 'yan ajinsu sun raɗa mata Tukunyar Biki. Ta shige ɗaki ko takalmi ba ta cire ba.

Dadi, kakarmu, ta riƙe takardar a juye, ta ce, "Hassada ce. A garin nan namu na Gujranwala za a kira ƙiba cuta? Su je su auna nasu 'ya'yan masu kama da tsinken tsintsiya." Bana dai yau ne bakina ya fara zuwa ɗaya da na tsohuwar nan.

Talata, 3 ga Oktoba

Na biya makarantar kafin in wuce shagon kayan zaƙin da nake aiki. Na amayar wa shugabar duk abin da ke cikina, har da wanda bai kamata ba. Na ce ko ragon layya ba a yi masa wannan tonon silili. Ta dube ni ta saman tabarau: "Kai aji nawa ka gama?" Biyar. Sauran a tsofaffin jaridun da muke naɗe jalebi, soyayyen zaƙin da muke sayarwa, na karanta, ina tsaye bakin kasko, kuma na rantse na fi ta karatu. Mai gadi ne ya raka ni ƙofa.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Sai yau na duba bayan takardar. Tambaya ta uku: akwai wanda ciwon zuciya ya kashe a gidanku bai kai hamsin ba? Zunaira ta cike da fensir. Abbana, 41.

Abba ɗan kokawa ne. Kofin man shanu kowace safiya, unguwa na alfahari da wuyansa. A bakin famfo ya faɗi yana alwala. Ban san tana riƙe da shekarunsa ba.

A ƙasa an rubuta a kai ta gwajin jini.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na tarar da Dadi ta danne Zunaira tana dirzar mata wani baƙi da ke bayan wuyanta da garin wake da lemon tsami, wai dauɗa ce. Fata har ta yi ja. Da ta gama sai lallashi: paratha, gurasarmu ta man shanu, ta farko daga kasko, curin man shanu a tsakiya yana narkewa, loma-loma a baki. Haka ake yi tun rasuwar Abba. Rabon marainiya ke nan, kuma ƙin lomar da babba ya miƙo zagi ne.

Na ce, "Dadi, kin ɗura wa ɗanki har kabari, yanzu saura jikar?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tauqeer, ɗan jarida, harshen nan shi zai ja ka wuta." Ammi, mahaifiyarmu, wadda sai ta yini ba a ji muryarta ba, ta nuna mini ƙofa.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Ba mai yi mini magana a gidan. To sai me? Ƙarya na yi?

Laraba, 11 ga Oktoba

Sakamakon gwajin jini ya fito, muka je wurin likita. Likitar ta ce kitsen da ke jinin Zunaira ko ga babban mutum ya yi yawa, baƙin wuyan kuma ba dauɗa ba ne, ciwon suga ne ke sallama. Ta ce da tarihin Abba ba abin jira ba ne.

Sai ta ce, "'Yata, lissafa mini abin da kike ci daga safe zuwa dare." Na harɗe hannu ina jiran a ambaci Dadi. An ambace ta kuwa: paratha biyu, lassi, damun nono mai kauri. Har na fara gyaɗa kai.

"Sai jalebin Bhai," in ji Zunaira, tana nuna ni, da murmushinta. Bhai, wato yaya, take kirana.

"Kamar nawa?"

"In ba a yi ciniki ba, rabin kilo. Kullum da la'asar."

"Tun yaushe?"

"Tun da Abba ya rasu. Bhai ya ce in na ci zan daina kuka."

Shekara huɗu. Likitar ta rubuta kawai, ko kallona ba ta yi ba. Da ma zagina ta yi.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ragowar shago ce fa, zubarwa za a yi. Kuma ni ina da shekara sha biyar lokacin. Me zan kawo wa yarinya mai kuka, jarida?

Na sha karanta labarin suga a takardun naɗin. Na karanta, na zuba jalebi a kai, na naɗe.

Litinin, 16 ga Oktoba

Gwaiba na sayo. Zunaira ta tare ni a ƙofa yadda ta saba, ta leƙa jaka, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Bhai, kai ma Tukunyar Biki kake ce mini a ranka, ko?" Ta shige ɗaki ta rufe.

Dadi na bakin murhu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ga babban likita ya dawo."

Ina da amsa, mai zafi ma, har ta iso bakina. Ban dai faɗa ba. Gajiya ce, ina jin. Na ari wuƙarta na yayyanka gwaibar, na ajiye a ƙofar ɗakin, na zauna a ƙasa kusa da farantin.

An kira magariba ba ta buɗe ba. Ban tashi ba.