Akwatin da Ake Ɗaurewa Kafin Tsere

Verviers, Beljiyam, Yuli 1971

Yaya Mimun,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya matarka Tlaitmas da yara? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Ka san tseren motocin nan na kwana da yini da garejinmu ke shiga duk shekara. Direbanmu na biyu ya karye a hannu, maigida ya ce ni zan maye gurbinsa ranar Asabar, tunda ina da lasin tsere. Na ce to, bakina ya riga hankalina.

Jiya na ga direbobi suna ɗaure akwatunansu, kowa yana rubuta adireshin gida a kai. Na ce wa Odilon, tsohon makanikenmu, "Baba, tun ba a fara ba za su gudu?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, shekarata arba'in a tseren nan. Hanyar ƙauye ce, bishiyoyi da gidaje a bakinta, ruwan sama kuma ba ya sallama. Ana ɗaure akwati ne don kada matar mutum ta zo tana tsintar safarsa ɗaya bayan ɗaya."

A daren ni ma na ɗaure nawa. Amma motarmu ƙalau take, wallahi, ni na ɗaure kowane noti.

Ka ce wa Inna jarrabawa zan yi, ta sa ni a addu'a. Allah ya bar mu tare. Na rubuta sunanka a kan nawa akwatin. Idan ya riga ni isa gida Nador, kada ka buɗe shi a gaban Inna.

Ƙaninka,
Haddu