Na Fito a Wasan Yara Ba da Izininsa Ba

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙarfin jiki, ya ciwon ƙafar? Ya Kawu da yaran gida? Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Mu matan unguwa mun shirya wa yara wasan kwaikwayo a kan launin fata. Dalili kuwa, Amina, 'yar maƙwabcinmu da matarsa 'yar Caina, ta dawo daga makaranta tana dirzar hannunta da sabulu, wai baƙin ya fita a daina gudunta. Kin san ni da littattafai, ni na rubuta labarin, kuma rubutun kaɗai maigida ya amince mini.

Ranar wasan, wadda za ta fito a uwa ta kwanta zazzaɓi. Yara sun cika ɗaki suna jira, sai kawai na shiga a madadinta. Wanda ya fito a uba wani ɗan kasuwar Maraɗi ne, ya kira ni "uwargida" a gaban kowa. Wani ya ɗauka a waya, ya tura zauren 'yan kasuwa da maigida yake ciki.

Yana tashar jiragen ruwa ta Nansha wajen lodin kwantena, kwana biyu ke nan bai ɗaga wayata ba. A littafi miji yakan huce kafin shafin ƙarshe, amma ni ko abinci na kasa ci. Ina tsoron ya ce in haɗa kayana in koma Kano.

Don Allah ki kira shi kafin ya dawo jibi, yana jin nauyinki. Ki ce masa na yi laifi, amma kada ki ce na yi nadama, don ban yi ba.

Ki saka ni a addu'a. A gaida kowa, amma kada Umma ta ji tukuna.

'Yarki,
Hafsatu