Kamfas ɗinki da Dardumar Inna

Daga ofishin Babban Daraktan Taswira, Iska da Gajimare, reshen Gyaɗi-Gyaɗi,
zuwa ga Nusaiba ta Tarauni, ɗalibar Labarin Ƙasa, aji uku a jami'a.

Aminci ya tabbata gare ki, ya ke farin wata sha kallo, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, inuwar ceɗiya a tsakar ranar bazara, randar da ba ta yin ɗumi! Ofishinmu ya binciki taswirar duniya kaf, tudu da kwari, bai ga inda ya kai fuskarki kyau ba. Haka kuma bai ga kan da ya kai naki taurin tsiya ba.

An kawo mana ƙararki. Mai ƙara wani bawan Allah ne, Sha'aibu mai a-daidaita-sahu, kyakkyawa, mai hankali, wanda ya ɗauke ki ranar da ajinku ya fita auna magudanan ruwa a Darmanawa. Kin tuna? Taswira a hannunki kamar tabarma, na'ura a wuya, amma kika ɓace a lungu na biyu, sai wanda iliminsa ya tsaya a allo ne ya fito da ke bakin titi. Kika yi dariya har mayafinki ya zame. Daga ranar zuciyarsa ta zama fadama, ko an taka a hankali sai ruwa ya tsattsafo.

To, ya ke sanyin idaniya, me ya kai ki? Kin je wajen ƙanwarsa Binta, la'asar ta yi, aka shimfiɗa miki darduma a ɗakin Inna, mahaifiyarsu. Ai sai ki tayar da kabbara kamar kowace 'yar mutunci. A'a! Sai da kika ciro kamfas, 'yar na'urar nan mai nuna gabas da yamma, kika ɗora a tafin hannu, kika karkata dardumar hagu, kika sanar da mai ɗaki cewa daga Kano alƙibla gabas maso arewa take. A gaban Inna! Matar da ta shekara talatin tana kallon kusurwar nan, har goshinta ya san wurin! Haba Nusaiba, duk faɗin jihar nan ba ki samu abin aunawa ba sai ɗakin surukarki?

Ga sakamakon. Ranar Asabar Kawu Mu'azu zai jagoranci manya zuwa gidanku neman aure, goro da alewa suna ajiye. Yanzu Inna ta ce ba inda za su. Wai yarinyar da ta gyara mata sallah tun ba ta shigo ba, ran da ta shigo har Fatiha sai ta biya mata.

Wallahi na yi iya yina, wato shi mai ƙara ya yi. Na ce mata karatun nan ba na banza ba ne, in kin gama za ki iya aikin hasashen ruwan sama. Ta ce ita da gwiwarta take ganewa. Na ce tsara birane. Ta ce a'aha, masu shafa wa gidajen mutane jan fenti ke nan. Na ce auna filaye, ta ce aikin raba 'yan'uwa. Na ce to koyarwa fa? Ta ce ai ta gani, da ita kika fara. Ya kurciyata, ya zan yi da ku? Ke dutse, ita dutse, ni ne gyaɗar da ke tsakani. Abinci ba ya shiga, fasinja ya ce Hotoro in kai shi ƙofar gidanku!

Amma matso ki ji. Da hantsin jiya na shiga gaishe ta tana walaha, na ga dardumar ta karkata hagu. Ba wanda ya taɓa mata. Ashe ta aiki Binta wajen liman a asirce, ya ce gaskiyarki ce, kuma sallolin baya sun yi tunda ba da gangan ba ne. Inna ta yarda da alƙiblarki, Nusaiba, bakinta ne ba zai taɓa faɗa ba.

Don Allah, don darajar iyayenki, ki zo kafin Juma'a. Ki durƙusa har ƙasa, ki ce ƙuruciya ce, ta yafe miki. Ki bar kamfas a gida. In idonki ya sauka kan dardumar nan, ba ki gani ba. Kada ki yi murmushin nan naki na masu cin jarrabawa. Ni kuwa na yi alkawarin kai ki jami'a kullum har ki karɓi digirinki, in kuma aiki ya jefa ki bakin teku ko tsakiyar sahara, can zan sa man fetur in bi ki.

Batun Darakta kuwa, babu shi, babu ofis. A kujerar baya ta keke na rubuta wannan, a bakin asibiti, na bar fasinja uku sun wuce.

Naki har ƙasa ta rufe ido,
Sha'aibu, ɗan Inna.